Kundin harsashi dubu: ni da ƙaramar bindiga mai araha

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na sayi bindiga a wani shago da ke yammacin birnin Houston, a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, bayan na shafe kusan wata uku ina kai gwauro ina kai mari tsakanin zuciyata da aljihuna. Ƙaramar fistol ce ƙirar Taurus G3c, mai cin harsashi milimita 9, irin wadda take ɗana kanta bayan kowane harbi, amma ba ta sakin wani harsashin sai an sake jan kunama. Kamfanin da ke ƙera ta na ƙasar Birazil ne, an kafa shi tun 1939, kuma reshensa na Amurka yana garin Bainbridge a jihar Jojiya. Wannan samfurin ya shigo kasuwa a 2020. Tsawon bututunta inci 3.2 ne, nauyinta idan babu harsashi kimanin giram 625, gidan harsashinta yana cin 12, kuma guda uku na tarar a cikin kwali. Kuɗinta dala 249, da aka ɗora harajin ciniki na kashi 8.25 cikin ɗari sai ya doshi dala 270.

A gefenta cikin gilashin shagon akwai waɗanda suka ninka ta kuɗi, kuma ba zan ɓoye cewa idona ya fi zama a kansu ba. Na san an ce araha ba ta ado, amma ba ado na je nema ba. Aikina yakan kai ni dare, an fasa mini mota sau biyu a bara a ƙofar gida, kuma a karo na biyun ina tsaye a bayan labule ina kallon mai fasawar, ba ni da komai a hannu sai waya.

Sayen bai ɗauki minti arba'in ba. Na miƙa lasisin tuƙi da katin zaman dindindin, aka ba ni fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, wanda ke tambaya ko ni ne ainihin mai sayen, ko an taɓa yanke mini hukunci a kan babban laifi ko dukan iyali, ko ina shan ƙwayoyin da doka ta hana. Yin ƙarya a wannan takarda babban laifi ne a dokar tarayya. Daga nan mai shagon ya tura bayanaina ga tsarin NICS na hukumar FBI mai binciken ko doka ta hana mutum sayen bindiga, wanda ya fara aiki a 1998, kuma kafin in gama duba kayan goge bindiga amsa ta dawo cewa a ci gaba. Sauƙin abin ne ya fi tayar mini da hankali, domin babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa riƙe bindiga a rayuwata, kuma gaskiyar magana ban taɓa ba.

Saboda haka na ɗaura wa kaina sharaɗi, shi ne dalilin buɗe wannan kundi. Bindigar nan ba za ta fita gida a jikina ba sai na harba harsashi 1,000 da ita, na kuma karɓi lasisin ɗaukar bindiga na jiha, duk da cewa tun 1 ga Satumba, 2021 dokar Teksas ta yarda wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da wani cikas a doka ya ɗauki fistol ba tare da lasisi ba. Zan riƙa rubuta adadin harsashi, da abin da na kashe, da kowane kuskure. Adadin yau: sifiri.

Lahadi, 14 ga Janairu

Mako guda bindigar tana cikin kwalinta a saman kabad, da makullin waya da aka haɗo ni da shi zure ta cikinta, domin uwargida ta ce ba za a buɗe ta a gidan da yara uku suke ba sai ta ga inda za ta riƙa kwana. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Abban yara, ɓarawon mota sau biyu ya zo a shekara, su kuwa waɗannan kullum suna nan.” Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin ita ce da gaskiya, har dokar jihar ma tana bayanta: sashe na 46.13 na kundin laifuffukan Teksas ya mayar da shi laifi mutum ya yi sakacin barin bindiga mai harsashi har yaron da bai kai shekara 17 ba ya kai gare ta. Jiya na sayo akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobin sirri a kan dala 120, na ɗaure shi da ƙusoshi a jikin katakon kabad ta yadda ba za a ɗauke shi gaba ɗaya ba.

Yau kuma na kwance bindigar a karon farko, da littafin kamfani buɗe a gabana. Gida huɗu take rabuwa: gangar roba mai ɗauke da mariƙi da kunama, marfin ƙarfe na sama mai zamewa gaba da baya, bututu, da sandar sifirin. Sai da na ga sassan a shimfiɗe a kan tsohuwar jarida na fahimci yadda abin yake aiki. Ƙarfin fashewar albarushi ne yake tura marfin baya, ya fizgo kwanson da aka harba ya jefar gefe, sannan sifirin ya komo da shi gaba, ya kwashi sabon harsashi daga gidansa ya cusa a gindin bututu. Na goge man da aka shafe ta da shi don ajiya, na sa ɗigon mai kaɗan a hanyoyin da marfin ke bi, na mayar.

Da yamma Yaya ya kira daga Kano, na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Fistol? A hannunka? Kai da ko kaza ba ka iya yankawa?” A wurinsa abin yana da ban mamaki ta wata fuskar ma, domin dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol cikin jerin bindigogin da aka haramta, waɗanda lasisinsu sai daga shugaban ƙasa.

Asabar, 20 ga Janairu

Harbin farko. Na biya dala 75 don awa guda da malamin harbi a wani filin harbi na cikin gini, kuma rabin awar ya tafi ba a harba komai ba. Malamin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya sa na maimaita ƙa'idoji huɗu da ake jingina wa Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundunbalar ruwa na Amurka da ya kafa makarantar harbi a jihar Arizona a 1976: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya lalatawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an daidaita saiti, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Ta biyun ba baƙuwa ba ce gare ni, domin tun a makarantar Islamiyya muka karanta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙara. Na sa toshiyar kunne ta soso, na ɗora marufin kunne a kanta, amma duk lokacin da maƙwabcina na layin dama ya harba sai in ji shi a ƙashin ƙirjina. Da aka zo nawa, malamin ya sa harsashi ɗaya tak a gidan harsashin, ya tsaya dab da kafaɗata ta dama. Takardar tana yadi uku, tazarar da idan na yi taku uku zan taɓa ta da hannu. Na ja kunama a hankali, ta yi tafiya mai ɗan nisa ba nauyi, sannan ta tsaya kamar ta ci karo da bango, na ƙara matsawa, sai bindigar ta zabura a hannuna. Kwanson ya bugi allon gefe ya faɗo mini a kan hula da zafinsa. Hujin ya fita kusan tsakiya, kuma shi ne mafi kyawun harbin da na yi yau, domin shi kaɗai ne na yi kafin jikina ya san abin da ke tafe.

Kafin mu fita ya kai ni wurin wanke hannu, ya ce da ruwan sanyi da sabulu, kuma kada in ci komai kafin nan, saboda ƙurar dalma da ke tashi a irin wannan wuri. Na ƙara da nawa: rigar harbi daban, ba ta shiga kwandon wanki ɗaya da kayan yara. Adadi: 50.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na koma ni kaɗai da kwali biyu. A yadi bakwai duk harbina ƙasa yake sauka, ta hagu, kimanin tafin hannu guda daga inda na auna, kuma haka ya riƙa yi kamar an shata masa wuri. Na canza takarda, na gyara tsayuwa, na rufe ido ɗaya, na buɗe duka biyun, sakamakon bai canza ba. A hanyar gida na yanke hukunci cewa saitin bindigar, wato 'yan ƙarafan da ke kan marfi gaba da baya waɗanda ake aunawa da su, shi ne ya karkace, har na fara lissafin nawa zan ƙara in sayo ɗaya daga cikin masu tsadar nan da na bari a gilashi. Na rubuta wannan zato a nan yadda yake a raina yau, ba tare da na gyara shi ba. Adadi: 150.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na sake biyan malamin, na kai masa ƙarar bindigar. Bai yi mini gardama ba. Ya karɓe ta, ya duba, ya sa harsashi biyar, ya tura takarda yadi bakwai, ya harba a natse. Hujin biyar suka taru a tsakiya, a wurin da murfin kwalbar lemo biyu za su rufe. Ya ajiye ta a kan tebur da marfi a buɗe, bakinta yana fuskantar gaba, ya ce, “Wannan lafiyarta lau. Bari mu duba mai ita.”

Yadda ya duba ni shi ne darasin da ya fi kowane amfani zuwa yanzu. Ya sa na juya baya, ya cika gidan harsashin da kansa, ya cakuɗa harsasan gaske da na bogi, waɗanda ake yi da roba ko ƙarfe ba albarushi a ciki. Na harba na farko, na harba na biyu, da na ja na uku sai na ji ƙas kawai, amma bakin bindigar ya dulmiya ƙasa ta hagu a gaban idona, ba tare da wani abu ya tura shi ba sai ni. Ashe tun kafin harsashi ya fita hannuna yake riga shi, yana danna bindigar ƙasa don tarar zaburar da yake tsammani, sauran yatsun kuma suna matse mariƙin tare da yatsan kunama. Ya ce wannan ciwo ne na kusan duk mai harbi da hannun dama a farkonsa, na mai hagu kuma ƙasa yake zuwa ta dama. Ƙaramar bindiga ta fi tona shi, domin tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajeriya ce, ƙanƙanin motsi sai ya zama babban kuskure a takarda, ga shi kuma rashin nauyinta yana sa a fi jin zaburar.

Ya gano wani abu kuma. Na yi ƙorafin cewa wani lokaci marfin ba ya tsayawa a buɗe idan harsashi ya ƙare, sai ya nuna mini babban yatsana na dama yana kwance a kan ɗan ƙarfen da ke riƙe marfin, yana danne shi. Na ɗan karkatar da yatsan waje, ya hau bayan hannun hagu, matsalar ta tafi. Laifi biyu ke nan da na ɗora wa bindiga, dukansu nawa ne. Na daina lissafin sayen mai tsada. Adadi: 250.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na harba 150, kuma a ciki na sami harsashin farko da ya ƙi tashi. Na wani kwali ne mai arha da na saya a ragi. Na ja kunama na ji ƙas, na ci gaba da nuna bakin bindigar ga takarda ina ƙirga daƙiƙa 30 kamar yadda aka koya mini, saboda akan sami harsashin da wutarsa ke jinkirin kamawa. Kunamar wannan bindiga tana iya sake bugun harsashi ɗaya karo na biyu ba sai an ja marfi ba, abin da yawancin takwarorinta ba sa yi, sai na gwada, bai tashi ba. Na fitar da shi na duba gindinsa, ga shaidar allurar da ke bugun gindin harsashi nan ta lotsa shi sosai, wato bindiga ta yi nata aikin. Na jefa shi a gwangwanin da aka tanada don irinsa.

Da dare na zauna na haɗa rasit. Akwatin ƙarfe 120, marufin kunne da tabarau 45, kayan gogewa 25, harsasan bogi 15, malami sau biyu 150, kuɗin shiga filin harbi sau huɗu 80, harsashi kwali takwas a kan dala 14 kowanne 112. Jimla dala 547, wato cikin wata biyu abin da ke kewaye da bindigar ya ninka kuɗinta. Da na sayi mai tsadar a Janairu, da malamin ne zan fara yankewa daga lissafi, kuma da yanzu ina nan ina harbi ƙasa ta hagu da bindiga mai kyau. Adadi: 400.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi ya shiga tun 11 ga wata, na dakatar da zuwa filin harbi, na koma atisayen jan kunama ba harsashi, minti goma bayan an dawo Tarawihi. Nakan ɗora kwabo a kan marfin kusa da saitin gaba, in ja kunama, idan kwabon ya faɗi na san hannuna ya motsa. A makon farko yana faɗuwa sau bakwai cikin goma, yanzu da wuya ya faɗi sau biyu.

Abin da ya faru daren jiya ne ya sa na buɗe kundin, kuma na yi ta jinkirin rubuta shi. Tun farkon watan nan nake ajiye bindigar a akwati da gidan harsashi cike a jikinta, amma babu ko ɗaya a bututu. Ƙa'idar sauke ta ita ce a fara zare gidan harsashin, sannan a ja marfi baya a kafe shi, a leƙa gindin bututu da ido, a taɓa da yatsa. Jiya na dawo a gajiye, barci yana fizgata, sai na juya tsarin ba tare da na lura ba: na fara jan marfin na leƙa na ga ba komai, na sake shi, sannan na zare gidan harsashin na ajiye. A zuciyata bindiga ta zama fanko, alhali sakin marfin nan da na yi shi ne ya kwashi harsashi ya ɗana ta da hannuna. Na ɗauko kwabo, na fuskanci bangon da na saba fuskanta. Abin da ya tsare ni shi ne wata al'ada da malamin ya dage a kanta har na riƙa ganin ya cika naci, wato a sake jan marfi sau uku kafin a taɓa kunama, ko da yanzu aka duba. A ja na farko harsashi mai rai ya yi tsalle ya faɗi a kan darduma, ya gangara har gindin gado.

Na daɗe zaune ina kallonsa. Bangon da nake nunawa na waje ne, na bulo, ba ya kallon ɗakin yara, kuma da gangan na zaɓe shi tun farko, amma hakan bai hana gwiwoyina rawa ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuwa harsashi 400 kacal ya ishe ni in saba. Na gaya wa uwargida da asuba muna sahur, domin ban ga yadda zan nemi ta amince da abin nan a gidanta ina ɓoye mata irin wannan ba. Ta ajiye cokali ta tambaye ni abin da zan canza. Na ce daga yau harsashi mai rai ba zai shiga ɗakin da nake atisaye ba, a akwati zan sauke bindigar in kulle harsasan kafin in fito da ita, atisayen kuma ya koma bayan La'asar lokacin da idona biyu. Ta ce in rubuta a kundin nan, ga shi na rubuta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Komawa ta farko bayan Sallah. Atisayen kwabo ya yi aiki fiye da yadda na zata: a yadi bakwai harbi goma sun shiga da'irar da tafin hannuna zai rufe, kuma a tsakiya. A yadi 15 har yanzu suna warwatsuwa kamar an watsa wa kaji tsaba, sai dai duk suna kan takarda. Na yi rajistar ajin lasisi na farkon Mayu. Adadi: 500.

Asabar, 4 ga Mayu

Ajin lasisi ya ɗauki awa huɗu da rabi, doka ta ce tsakanin huɗu zuwa shida, kuma kusan dukansa a kan doka ne da hanyoyin kauce wa rigima, ba a kan harbi ba. An yi mana bayanin allunan da ake liƙawa a ƙofar gine-gine, waɗanda na shekara ina wucewa ban san ma'anarsu ba. Mai lamba 30.06 yana hana mai lasisi shiga da bindiga a ɓoye, mai 30.07 yana hana shiga da ita a bayyane, mai 30.05 na marasa lasisi ne, sai kuma jan allo mai ɗauke da 51%, wanda ake sawa a wurin da mafi yawan cinikinsa na giyar da ake sha a nan take ne, inda shiga da bindiga babban laifi ne. A nan kuma na tabbatar da dalilin da ya fi shafata na neman lasisin: dokar tarayya ta 1990 ta hana ɗaukar bindiga a cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, amma ta keɓe wanda jihar da makarantar take ta ba shi lasisi. Ni kuwa kullum da safe ina bakin makaranta.

Malamar ajin ta daɗe a kan abin da ke biyo bayan harbi, ko da mutum ne da gaskiya: kamu, lauya, kotu, da kuma ɗaukar nauyin kowane harsashi har inda ya tsaya. Da na mayar da maganarta kan ɓarawon motata sai na ga cewa da ina da bindigar a daren nan, abin da ya fi dacewa da ni shi ne dai abin da na yi, in tsaya a bayan labule in kira 'yan sanda. Gilashin mota dala 200 ne.

Jarrabawar harbi harsashi 50 ce a kan babbar takarda mai siffar mutum: 20 a yadi uku, 20 a yadi bakwai, 10 a yadi 15, duk a kan lokaci, daga harbi ɗaya cikin daƙiƙa biyu zuwa biyar cikin daƙiƙa 15. Cikakken maki 250 ne, ana ci da 175. Na sami 100 a yadi uku, 97 a yadi bakwai, 38 a yadi 15, inda ɗaya ya fita daga siffar gaba ɗaya, jimla 235. Ba zan yi alfahari da wannan ba, domin jarrabawar mai sauƙi ce ƙwarai, duk wanda muka shiga da shi ya ci, har da wani da ya ce rabonsa da harbi shekara shida. A layinmu akwai bindigogin da suka ninka tawa kuɗi sau uku, kuma takardun masu su ba su nuna hakan ba. Adadi: 550.

Asabar, 25 ga Mayu

Na tura takardu ga Ma'aikatar Tsaron Jama'a ta jiha tun 6 ga wata, da dala 40 na lasisi, aka kuma ɗauki hoton yatsuna. Doka ta ba su kwana 60.

Yau na gwada harsashin da za a ajiye don kare kai, wanda ya bambanta da na atisaye. Na atisayen kansa a mulmule yake cikin rigar jan ƙarfe, yana iya ratsa abin da ya samu ya wuce, shi kuwa wannan yana da rami a kai, yana buɗewa idan ya shiga, don haka ya fi saurin tsayawa, abin da ke da muhimmanci ga mai zaune a unguwar da gidaje ke manne da juna. Nauyinsa giren 124, kimanin giram 8, na atisayen kuma 115. Tsadarsa ce matsala, kwalin 20 dala 28, wato kowane ɗaya ya kai kuɗin biyar na atisaye. Duk da haka dole a gwada, domin faɗin bakinsa yakan sa wasu bindigogi su yi tuntuɓe wajen cusa shi a bututu. Na harba 40, na rarraba su a gidajen harsashin uku, babu wanda ya maƙale, kuma inda suka sauka bai yi nisa da inda na saba ba. Na ƙara 100 na atisaye, rabinsu da hannu ɗaya, wanda ya nuna mini cewa hannun hagu ne yake yin mafi yawan aikin riƙon da nake zaton na dama ne. Adadi: 690.

Asabar, 22 ga Yuni

Lasisin ya iso ta gidan waya a makon Babbar Sallah, yana cikin walat, bindigar kuma tana akwatinta, domin sharaɗin bai cika ba. Yau na harba 150, adadi ya kai 840, saura 160. Cikin 840 ɗin nan harsashi ɗaya ne ya ƙi tashi, kuma ba daga bindigar ba ne. Fentin bakin bututu ya fara kwailewa inda marfi ke goga, kunamar ta yi laushi fiye da ranar farko, sifirin gidajen harsashin ya saki har na daina jin ciwon yatsa wajen cusa na 12.

Lissafi ya ƙaru da dala 448 tun Maris: harsashi 168, shiga fili 60, aji 70, lasisi da yatsu 50, kube 60, ɗamara mai kauri 40. Abin da ke kewaye da bindigar ya kai dala 995 ke nan, ita kanta kuma kaɗan ta haura kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da na kashe.

Kuben na roba mai tauri ne, wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, ana maƙala shi ta cikin wando. Na fara atisayen zarowa da mayarwa a gida bayan La'asar, harsasai a kulle, kuma mayarwar ta fi ba ni tsoro, domin a nan ne gefen riga ke iya shiga gidan kunama. Jiya Juma'a na gano wata matsala da babu malamin da ya taɓa ambata mini ita, watakila don babu mai sa irin kayanmu a cikinsu. Na gwada da kaftani kafin in cire kayan masallaci, sai da na tattaro rigar tun daga gwiwa da hannu biyu kafin in kai ga ƙugu, a karo na biyu kuma aljihun gefe ya harɗe mariƙin. Da ƙaramar riga daƙiƙa uku nake yi, da kaftani ban ma ƙirga ba. Filin da nake zuwa ba ya barin a zaro daga kube sai wanda ya yi ajinsu na musamman, na yi rajistar na wata mai kamawa, kuma na gaya wa malamin cewa da kaftanin zan zo. Sauran harsashi 160 ɗin a can zan ƙarasa su.